Garzali Mai Taka Ruwa

Duk wanda ya zauna a Greensboro ta Amurka ya ce bai san Garzali ba, to a duba masa kunne, don shi jinsa ake fara yi kafin a gan shi. Ni Ma'aruf, Allah ya jarrabe ni da shi ta ko'ina. Ƙofata tana kallon tasa a gidajen hayarmu na gabashin gari, kuma a sito ɗaya muke aiki, inda yake tuƙa 'yar motar nan ta ɗaga kaya. In ka ji yana ba da labarinta a bakin masallaci, sai ka rantse jirgin ƙasa yake ja.

Kada a ce na ɓata shi, mutumin kirki ne. Motarka ta mace a hanya, shi ne farkon zuwa. Sai dai kafin ya buɗe bonet sai ka sha labarin yadda Jamusawa suka taɓa roƙonsa ya je ya koya musu kanikanci, daga ƙarshe kuma ku haɗu ku kira mai janwe.

Abu ɗaya ne yake ci masa rai, shi ne surukarsa, Hajiya Hindou ta Damagaram, mahaifiyar matarsa Ousseina. Tun da aka ɗaura auren nan ba ta taɓa yabonsa ba. Ba ta zaginsa fa. In an tambaye ta shi, sai ta ce, "Yana nan," ta ci gaba da jan carbinta. Amma a ambaci ɗaya surukin, Younoussa mijin babbar 'yarta, matuƙin jirgin sama a Yamai, sai shayi ya huce ba ta gama ba.

Bana Hajiya ta zo ganin jikoki, za ta koma bayan Babbar Sallah. Garzali ya tare ni a bakin ƙofa ya ce, "Ma'aruf, wallahi ba za ta hau jirgi ba sai da labarina a bakinta. Na gaji da 'yana nan'. Ai firji ma yana nan."

Wata ranar Juma'a da yamma muna cin tuwo a falonsa. Hajiya tana ɗaki, ƙofa a buɗe. Sai ga Daouda, ƙanin Ousseina, direban babbar mota, wanda ba ya ganin Bakano ya bar shi ya sha ruwa lafiya. Ya miƙo waya.

"Bon, Bakano, zo ka ga maza. Ga Younoussa a saman gajimare, da hularsa."

Garzali ya kalla da gefen ido. "Jirgin sama ai kujera ce. Ka zauna, ka danna, inji ya yi aikin. Ina jarumta ga mutumin da yake zaune?"

"Kai da kake tuƙa motar da kaza take wuce ta?"

Garzali ya ajiye loma. Ya gyara murya, ya juya bakinsa wajen ƙofar ɗakin Hajiya, ya ce, "Ni a kan ruwa nake gudu. Da ƙafata. Ba takalmi, ba katako, ba komai."

Ousseina ta saki ludayi a cikin miya. "Baban Afnan, yaushe?"

Daga ɗaki muka ji muryar Hajiya. "Ousseina, mi ya ce?"

"Wai ruwa yake takawa, Inna."

Sai Hajiya ta ce, "Ikon Allah."

Shi ke nan, ta gama da mu. Garzali ya ɗauki wannan "ikon Allah" ya rataya a wuya. Nan take ya sanar cewa ranar walimar Sallah, wadda jama'armu suke yi duk shekara a bakin tafki, kowa zai gani da idonsa.

Bari in gaya muku inda ya samo wannan bala'i. Akwai wani Bature a wurin aikinmu, Seth, mai jan gemu da sanyin hali, yana zaune a McLeansville, yana da kwalekwale mai inji. A ranar Juma'ar nan da rana, lokacin hutun cin abinci, ya nuna mana bidiyon wasan da yake yi: kwalekwale ya ja mutum da igiya da mugun gudu, har ya riƙa zamewa a saman ruwa a tsaye. Yawancin mutane katako suke ɗaurawa a ƙafa, gwanaye kuwa da tafin ƙafarsu kawai suke yi. Iyakar ilimin Garzali a harkar ke nan, bidiyon da ya kalla da shinkafa a bakinsa.

Washegari ya ce ya gano sirrin, duk a santsin tafin ƙafa yake. Ya shimfiɗa ƙaton tamfol a filin ajiye motoci na bayan gidajenmu, ya zazzage masa omo, ya sake masa ruwa da tiyo. Ya lafta man kaɗanya a ƙafafunsa, ya ɗaura igiya a bayan motata. Na ce ba da ni ba. Ya haɗa ni da Allah da zumunci, na shiga mota ina tsaki.

"Taka ta, Ma'aruf! Kada ka ji tausayina!"

Wallahi birki kawai na saki. Garzali ya taho a kan kumfa kamar an harbo shi, yana ihu yana cewa, "Ka gani? Ka gani?" Sai tamfol ya ƙare, shi bai ƙare ba. Ya yi gudun dole a kan kwalta, ya bar igiya, ya zarce da ka cikin tukwanen shuke-shuken maƙwabciyarmu Perpetua, wata nas 'yar Kumasi da ta dawo daga aiki ta kwanta ke nan. Ta fito da ɗaurin ƙirji, ta tarar da ƙafafu biyu masu maiƙo suna kallon sama a cikin attaruhunta.

"Ei, Alhaji Garzali! Me barkonona ya yi maka?"

"Atisaye nake, Anti."

"Atisayen me?"

"Na gudu a kan kogi."

Ta dubi kwalta, ta dubi motoci, ta dube ni. "A nan ne kogin?"

Garzali ya tashi zai yi mata bayani na ilimi, ya sa hannu ya share idonsa, da hannun da ya murje attaruhu. Ihun da ya yi sai da ya fito da mutanen benen sama.

Asabar ta gaba muka bi Seth zuwa wani tafki da ke arewa da gari. Seth ya yi bayani tiryan-tiryan. Ya nuna wata doguwar sandar ƙarfe da take fitowa daga gefen kwalekwalen, ya ce sabon shiga ita yake riƙewa. Zai zauna a kan wani ɗan allo, in gudu ya kai sai ya sa dunduniya a ruwa a hankali, yatsu sama, gwiwa a lanƙwashe, jiki baya, ido gaba. Ya ce kada a kalli ƙasa, kuma in an faɗi, a saki.

Garzali ya yi dariya. "Sandar nan ta yara ce. A ba ni doguwar igiya. Ni fa a bakin kogi na tashi."

Na ce masa da Hausa, "A Fagge ka tashi. Wane kogi?"

"Jakara ba ruwa ba ne?"

Seth ya roƙe shi, ya ƙi. Daga ƙarshe ya sa masa wata rigar roba mai matse jiki wadda ba ta barin mutum ya nutse, ya miƙa masa igiya, ya taka wuta kaɗan. Na waiwaya, ban ga Garzali ba. Hannu biyu kawai na gani a kan igiya, da wata kunya ta ruwa tana bin mu kamar ana huɗa.

"Saki! Garzali, saki igiyar!"

Ina! Sai da Seth ya kashe inji. Muka jawo shi kamar buhun da ya kwana a ruwan sama. Ya yi tari, ya amayar da abin da zai isa wanke mota, ya zauna idanu jajur. Na ce don me bai saki ba. Ya ce namiji ba ya saki.

"To me ya hana ka tashi tsaye?"

"Ruwan nasu ne ba shi da kauri. Na gida ya fi wannan nauyi."

Bayan nan ya yarda da sandar yara, amma ya ce don kada ran Bature ya ɓaci ne. Ya zauna a kan allo, gudu ya kai, ya cusa ƙafa da yatsu a gaba maimakon dunduniya. Ruwa ya fizge ƙafafun, allo ya tafi abinsa, Garzali ya rage a rataye a jikin sanda yana kaɗawa kamar wandon shanya. Aka sake, ya kalli ƙasa, ya bi idonsa. Aka sake, ya tsaya gyaran murya zai yi mini magana, tafki ya shiga bakin.

Haka muka yi ta yi duk Asabar. Ya dawo gida yana tafiya kamar mai sabuwar kaciya, amma da ya shiga falo sai ya ɗaga murya wajen ƙofar Hajiya: "Baturen nan ya ce bai taɓa ganin irina ba!" Gaskiya ne, Seth ya faɗa. Cewa ya yi bai taɓa ganin mutum ɗaya ya sha ruwan tafki haka ba.

Wata rana na tarar Ousseina tana gasa masa baya da ruwan zafi, tana cewa, "Baban Afnan, don Allah ka bari. Inna ba ta buƙatar wannan."

Ya kifa fuska a kan matashi. Sannan ya ce a hankali, "Ni nake buƙata."

Tun daga ranar na rage yi masa dariya, don na ji tausayinsa ƙwarai. Kuma abin mamaki, ana gab da Sallah sai ya fara tsayuwa. Ba daɗewa, kamar ƙiftawar ido, amma tsayuwa ce. Seth ya ce in ya bi doka zai iya.

Ranar walima kowa ya zo, mutanen Nijeriya da na Nijar, har da Perpetua da ta ce ba za a ba ta labari ba. Ga hayaƙin gashi, ga dambun nama, ga tabarmi a ƙarƙashin itatuwa. Aka sa wa Hajiya kujera a gaba, dab da bakin ruwa, don ita ce babbar baƙuwa. Daouda ya hau kan kular lemo yana shela: "Jama'a, ku matso! Yau Bakano zai taka ruwa, ku riƙe 'ya'yanku kada su koya!"

Sai ga Garzali ya fito daga bayan motata. Ya ɗora kaftanin shadda shuɗi a kan rigar robar, ya kafa zanna bukar har kunne. Seth ya buɗe baki.

"Da wannan za ka shiga?"

"Da ita."

"Za ta maƙale. Cire ta."

Garzali ya juyo gare ni. "Ma'aruf, fahimtar da shi. In tsaya gaban surukata cikin robar nan, komai na mutum a zane? Gara in nutse."

Na yi wa Seth bayanin kunyar surukai iya Turancina. Ya sosa gemu ya ce shi tasa surukar tare suke iyo. Garzali ya ce, "A'uzubillahi." Daga ƙarshe aka shirya a kan zai bar maɓallai a buɗe, don in rigar ta maƙale ta fita ta bar shi.

Muka shiga, Seth a sitiyari, ni a gefe ina sa ido. Garzali ya zauna a kan allo ya riƙe sanda, bakinsa yana motsi, na san duk addu'ar da ya iya sai da ya karanta. Inji ya ɗauki kuka. Ya sa dunduniya ɗaya, ya sa ta biyu. Allo ya zame ya tafi.

Jama'a, ya tsaya!

Wallahi tallahi ya tsaya. Garzali ɗan Fagge a tsaye a kan ruwa da ƙafar da Allah ya ba shi, ruwa yana feshi ta gefe biyu, shadda tana kaɗawa a bayansa. Daga bakin gaɓa muka ji salati ya tashi, wata ta rangaɗa guɗa. Na hango Daouda a kan kula, baki a sake, tsire a hannu ya manta da shi. Ni kaina ihu nake, ban san me nake cewa ba.

Da mai hankali ne, da ya tsaya nan. Amma Garzali ya fara daka wa Seth tsawa: "Matsa kusa! Kusa da gaɓa! Ba ta gani sosai!"

Seth ya karkata kaɗan. Muka taho daidai inda Hajiya take. Sai na ga abin da ban taɓa gani ba. Tsohuwar nan da ba ta tashi don kowa, ta dafa gwiwa ta miƙe tsaye, ta ɗaga masa hannu.

Na dubi fuskar Garzali na ga ta canza, na san abin da zai faru.

"Garzali, kada ka yi! Ka bari sai ka sauka!"

Dattijuwa a tsaye tana gaishe shi, shi kuma a tsaye ƙerere? Ba a raine shi haka ba. Jikinsa bai ma yi shawara da kansa ba. Ya cire hannun dama daga sanda ya kai ƙirji, ya sunkuyar da kai, ya kai gwiwa ƙasa.

"Barka da yini, Haj…"

Sauran gaisuwar tafki ne ya amsa. Ruwa ya cafke gwiwar nan ya yi sama da shi. Ya wuntsila, ya bugi ruwa, ya sake tashi, ya sake wuntsilawa, kamar dutsen da yara suke jefawa ya yi ta tsalle. Kaftani kuwa ya cika alkawari, ya maƙale a kan sanda ya fita ya bar mai shi, muka yi gaba da shi yana kaɗawa kamar tuta.

Kafin Seth ya juyo da mu, ruwa ya kai Garzali wuri marar zurfi, daidai gaban tabarmin mata. Ya yunƙura ya miƙe, laka har kunne. Ya ɗaga hannu zai nuna lafiya lau yake. Sai ya dubi jikinsa, ya dubi Hajiya. Ya koma cikin ruwa ya zauna, kai kawai a waje.

"Fito mana, gwani!" in ji Daouda.

"Ina hutawa."

"A cikin laka?"

"Haka gwanaye suke yi. Me ka sani, mutumin hamada?"

Perpetua ta tsaya a bakin ruwa tana tambayarsa ko wuyansa yana juyawa, ya ce ta tambaye shi gobe. Muka kawo kaftani, ashe ya tsage tun daga wuya har ƙasa. Ousseina ta miƙo zani, ya ce shi ba zai ɗaura zanin mace a gaban jama'a ba. Aka yi ta ciniki, nama yana hucewa, yara suna ɗaukar hoto. Daga ƙarshe aka janye tabarmar wasu dattawa, ni da Daouda muka shiga ruwa muka naɗe shi a ciki kamar tsire a takarda, muka taka da shi zuwa mota, ƙafafu kawai ake gani. Duk wannan abin Hajiya ta juya fuskarta wajen itatuwa ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Ban san kuka take ko dariya ba.

Bayan nan Garzali ya yi tsit. Bakin masallaci ya zama kamar gidan makoki, har mutane suka fara kewar ƙaryarsa. A wurin aiki ya tuƙa motarsa ba ko hon. Da na je duba shi, ya ce, "Shi ke nan, Ma'aruf. Na ce sai ta tafi da labarina, ga shi ta samu. Har jikokin jikoki sai sun ji shi a Damagaram."

Ranar tafiyarta na shiga don in taya ɗaukar kaya. Garzali yana tsugune a falo yana fama da zif ɗin akwati, ko ɗaga kai bai yi ba. Hajiya tana ɗaki tana waya da ƙanwarta ta gida, ta buɗe murya yadda tsofaffi suke yi, kamar sai sun taimaka wa wayar ta kai Nijar. Muna jin kowane ɓangare.

"To, Yaya, ya surukin naki na Amurka?"

Hannun Garzali ya tsaya a kan zif. Ni ma na kasa kunne, ina jiran ko "yana nan", ko abin da ya fi shi muni.

"Wa, ɗana Baban Afnan?" in ji Hajiya. "Hm. Bari in gaya miki. Younoussa da kuke ji, tun da ya fara hawa sama a tsaye yake gaishe ni, waya a kunne. Wannan yaro kuwa, a tsakiyar ruwa, jirgi yana gudu da shi, rai a hannun Allah, ya gan ni ya durƙusa. Kan nasa dai sai a hankali, ku riƙa sa shi a addu'a. Amma an yi masa tarbiyya. Ban yi asarar ɗiyata ba."

Garzali bai motsa ba. Na ga hawaye ya ɗiga a kan akwatin, wani ya biyo shi. Na yi kamar ina neman makullin mota.

Can ya miƙe, ya sunkuci akwatuna biyu da hannu bibbiyu, waɗanda ɗazu muka ce sai mun kama tare. Sai da muka isa wajen mota ya ajiye, ya share fuska da hannun riga, ya gyara hula. Na ga ƙirjin ya fara tasowa.

"Ka ji ko?"

"Na ji, har da na addu'ar."

"Ai da gangan na durƙusa. Tun kafin mu shiga ruwa na tsara abina."

"Rigar ma da gangan ta fita?"

Ya harare ni da jajayen idanunsa, yana ƙoƙarin danne murmushi.

"Ma'aruf, buɗe but, kada Innata ta makara."